Laraba: alamar < tsakanin jeri biyu

Rabin wunin yau ya tafi wajen duba aikin sabon yaron da aka haɗa ni da shi, kuma duk rigimar a kan alamar < ce. Manhajar tana karɓar ma'aunin zafi daga na'urori, ta gwada shi da iyakar da aka sa wa kowacce. Jerin lambobi biyu ke nan, a (ma'aunin zafin) da b (iyakokin). Ya rubuta if a < b, NumPy, kayan lissafi na harshen Python, ta ƙi, ta ce sai ya zaɓi any() (ko ɗaya ya cika sharaɗi ya isa) ko all() (sai duka sun cika). Shi kuwa ya cusa all() don kawai ta yi shiru.

Ni dai ina ganin ta kyauta da ta ƙi. A wurinta a < b ba ta da amsa guda: lamba ta farko da ta farko take haɗawa, ta biyu da ta biyu, sai ta miƙo sabon jeri na True da False. Na ce, "Ƙanena, gwada [1, 5] da [3, 2]." Ya samu True, False. Ke nan (a < b).all() ƙarya ce, (a >= b).all() ma ƙarya ce. Nan ya yi tsit, domin a ɓangaren else, wato abin da za a yi idan sharaɗin bai cika ba, ya rubuta saƙon cewa dukkan na'urorin sun haura iyaka, alhali ɗaya ce.

Abin da ya ruɗe shi, jerin Python na gama-gari yana ba da amsa guda. Yana bin tsarin ƙamus: inda aka fara samun bambanci, nan magana ta ƙare. [1, 5] < [3, 2] gaskiya ce, ko kallon 5 ba a yi.

Da azahar na buɗe masa JavaScript, wani harshen kwamfuta, don nishaɗi. [10] < [9] ta ce true! Tana mai da jerin rubutu tukuna, "1" kuma yana gaban "9". Sannan [1, 2] == [1, 2] false, amma <= da >= duk true. C kuwa, wani harshen daban, ba ma a magana, adireshin inda jerin yake zaune take gwadawa, ba abin da ke ciki ba.

Mun koma (a >= b).any(), aiki ya tafi. Saura matsala ɗaya gobe: na'urar da ta mutu NaN take aikowa, wato "ba lamba ba ce", kuma NaN >= komai ƙarya ce, don haka za ta wuce salin-alin kamar lafiyarta ƙalau. Na ce ya kwana da isnan(), mai gano NaN, a ransa.