Malam, kana wurin?

Shekara shida na yi ina koyar da darasin asalin duniya a ajin ƙarshe na sakandare kafin wani yaro ya tona min asiri. Na rubuta a allo cewa sararin samaniya ya kai shekara biliyan 13.8, duniyarmu kuma biliyan 4.5 da 'yan kai. Daga can baya ya ɗaga hannu: "Malam, kana wurin?" Aji ya kwashe da dariya. Na ɗaure fuska na ce haka yake a littafi, haka kuma zai fito a jarrabawa. Ya ja bakinsa ya yi shiru, amma ni na kwana da abin a rai, don na san hadda kawai na yi. Lambobin suna bakina, yadda aka samo su kuwa, ko oho.

Da aka ba da hutu sai na koma ɗalibi. Abin da na fara ganowa shi ne sunan Babbar Fashewa (Big Bang), wato bayanin masana kan yadda sararin samaniya ya fara, ya daɗe yana ɓatar da ni, ni kuma ina ɓatar da yara. Na kan kwatanta musu shi da bam da ya tashi a tsakiyar fili. Ba haka ba ne. Babu wani fili da ke jira. Sararin da kansa ne ke buɗewa, kamar kwaɓin burodi da aka zuba wa riɗi yana kumbura, kowace ƙwaya tana nesanta da 'yar uwarta ba tare da ta yi tafiya ba. Sunan ma wanda bai yarda da ra'ayin ba ne ya laƙaba shi, Fred Hoyle, a wani shirin rediyon BBC a 1949. Wanda ya kawo lissafin buɗewar a 1927 kuwa limamin coci ne ɗan Beljiyam, Georges Lemaître. Bayan shekara biyu Edwin Hubble, daga dutsen Wilson a Kalifoniya, ya nuna cewa gungun taurari suna guje mana, kuma mafi nisa ya fi gudu. Da haske ya gane, kamar yadda kake gane motar jiniya ta wuce ka idan amon jiniyar ya sauya ya yi kauri: hasken abin da ke nesanta yakan karkata zuwa ja. Idan yau komai na rabuwa, ke nan jiya ya fi kusa, shekaran jiya ya fi haka.

Labarin da ya fi kama ni na Arno Penzias da Robert Wilson ne. A 1964, a jihar New Jersey ta Amurka, wata ƙara ta dame su a babbar eriyarsu, duk inda suka juya ta tana nan, dare da rana. Har suka zargi tattabarun da suka yi gida a ciki, suka kore su, suka kankare kashinsu. Ƙara ba ta tafi ba. Ashe sauran ɗumin farkon halitta ne, hasken da ya kuɓuta lokacin da sarari ke da shekara kusan 380,000, ya huce har ya kai digiri 270 ƙasa da sifiri. A 1978 aka ba su kyautar Nobel. Na daɗe ina tunanin manyan masana biyu suna goge kashin tattabara, don ba su yarda su yi shela ba sai da suka kawar da duk wani dalili na kusa. Ni ko tambayar yaro ɗaya na kasa haƙuri da ita.

Shekarun duniyarmu da duwatsu aka auna su. Yuraniyom, irin wanda ake haƙa a Arlit, yana rikiɗewa a hankali ya koma darma, kuma saurin rikiɗewar sananne ne: rabin nau'insa mafi yawa yakan juye cikin shekara biliyan 4.5. Ka auna yawan wannan da wancan a dutse, ka samu agogo. Matsalar ita ce duwatsun ƙasa sun sha narkewa da sake daskarewa, shi ya sa Clair Patterson ya koma ga waɗanda suka faɗo daga sama, ragowar ƙura da iskar da suka dunƙule suka zama rana da duniyoyinta. A 1956 ya fitar da biliyan 4.55, kuma har yau lambar ba ta gusa sosai ba. Nan ne na tuna da Zagami ta Katsina, inda wani dutse mai nauyin kilo kusan 18 ya faɗo a gona a watan Oktoban 1962, aka kuma tabbatar daga baya cewa daga duniyar Mars ya taso. Shekara shida ban taɓa ambata wa yara shi ba.

Akwai kuma maganar addini, wadda a gaskiya ita ce ta sa nake tsallake darasin da sauri. Yanzu na kan gaya musu tun farko cewa ma'auni yana amsa yaushe da yaya, bai da bakin magana a kan wane ne ya yi ko don me. Lissafin masana ma yakan tsaya cik a daidai ƙiftawar farko, su da kansu suke faɗa.

Da muka koma makaranta na kira yaron gaban aji na ce, "A'a, ba na wurin. Amma zauna ka ji." Na kwashe darasi biyu a kan tattabaru da darma, ban rubuta lamba ko ɗaya ba sai a ƙarshe. Da na gama sai ya sake ɗaga hannu, yana so ya san wa ya tabbatar agogon yuraniyom bai taɓa yin latti ba.