Wane harshe ne ya fi zama a bakinsa?

A aikin gyaran magana, kafin ka fara da mai i'ina ko wanda shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa kalmomi, dole ka san da wane harshe za ka auna shi. A asibitin da na yi horo a Singafo, yawancin masu zuwa Sinawa ne masu jin Ingilishi da Mandarin, babban harshen Sinanci. Can na gane cewa tambayar mutum harshensa na gado ba ta kai ka ko'ina.

Tarihin ƙasar ne ya jawo haka. Kakanni da yawa Hokkiyen ko Kantonis, wasu harsunan Sinawa, suka tashi da shi. A 1979 Firaministan ƙasar na lokacin, Lee Kuan Yew, ya ƙaddamar da gangamin komawa ga Mandarin, zuwa 1987 kuma Ingilishi ya zama harshen koyarwa a makarantu. Ƙidayar 2010 ta samu kashi 32.3 cikin ɗari na mazauna ƙasar sun fi yin Ingilishi a gida. A ta 2020 sun kai kashi 48.3. Sai ka ga saurayi, takardar makaranta ta ce Mandarin ne harshen uwarsa, amma da Ingilishi yake lissafi, da shi yake gardama, ba ya taɓa Mandarin sai zai gaida kakarsa ko zai sayi abinci a rumfa.

Takardar tambayoyin da Valerie Lim, masaniyar gyaran magana a Singafo, da abokan aikinta suka fitar a 2008 ta taimake ni ƙwarai, domin ba ta tsaya kan tambaya guda ba. Tana rarraba ji da magana da karatu da rubutu, ta tambayi yawan amfani da kowane harshe, sannan a ina: gida, wurin aiki, ko cikin abokai. Amma amsar bakin mutum tana da iyaka. Wani zai rage wa Mandarin ɗinsa maki don hannunsa ya manta rubuta haruffan Sinanci, tunda a waya da pinyin (rubuta Sinanci da haruffan boko) ake bugawa, alhali in ya buɗe baki ba ya tuntuɓe. Wani kuma zai ce duka biyun daidai suke a wurinsa, sai ka ajiye masa hotuna 68 na gwajin MINT na faɗin sunan abin da ke cikin hoto, wanda Tamar Gollan da tawagarta suka tsara, ka ga ɗayan harshen ya bar ɗayan nesa.

Abin da ya sa nake ɗaukar wannan da zafi shi ne sakamakonsa a kan mara lafiya. Binciken Lim kan masu i'ina ya nuna ta fi tsanani a harshen da ya fi rauni. Ka auna mutum da shi kaɗai, ka rubuta masa cutar da ta fi wadda yake da ita. Haka tsohuwar da ke rikita "shi" da "ita" in tana Ingilishi: a furucin Mandarin lafazi ɗaya ne ga namiji da mace, ba lallai ciwon ne ya taɓa ta ba.

Yanzu ina haɗa uku: tambayoyin, gwajin hotuna a harsunan biyu, da hira ta sakin jiki da nake naɗa a kowanne, abokiyar aiki mai jin Mandarin tana saurare tare da ni. A rahoto kuma ina rubuta wanda ya rinjaya a magana daban, wanda ya rinjaya a karatu daban, sannan in tambayi iyalin da wane harshe za su riƙa yi masa atisaye a gida.