Ɗaya da Nema a Zagaye na Goma

A makon jiya na sake kallon wasa na bakwai, wato na yanke hukunci, na gasar kofin besbol ta World Series ta 1991 a intanet, kuma duk da cewa na san yadda zai ƙare, sai da zuciyata ta riƙa dukan uku-uku. An buga shi ranar 27 ga Oktoba a filin Metrodome da ke jihar Minesota a Amurka, tsakanin Minnesota Twins da Atlanta Braves, ƙungiyoyi biyu da kowaccensu ita ce kurar baya a rukuninta a 1990. A wasan besbol ba a samun maki sai ɗan wasa ya ratsa zanguna uku ya dawo gida, kowane ɓangare kuma yana bugu ne har a fitar masa da mutum uku. Zagaye tara ake yi, amma a wannan dare taran suka ƙare babu wanda ya taka gida.

Mai jifan Twins shi ne Jack Morris, ɗan shekara 36. Na Braves kuwa John Smoltz ne, ɗan shekara 24, wanda ya tashi a Mishigan yana kallon Morris yana yi wa Detroit Tigers jifa. Yaron bai ji kunya a gaban gwaninsa ba, domin har aka sauya shi a zagaye na takwas ba a ci shi ko ɗaya ba.

Wannan zagaye na takwas shi ne wurin da na maimaita har sau uku. Lonnie Smith na Braves yana zangon farko lokacin da Terry Pendleton ya shararo ƙwallo can kusa da katanga, bugun da ya isa ya kai mai gudu irin Smith har gida. Sai masu tsaron Twins biyu, Chuck Knoblauch da Greg Gagne, suka yi kamar ƙwallon tana hannunsu, ɗaya ya yi kamar yana jifa, ɗayan kamar yana cafkewa, alhali hannuwansu wayam. Smith ya ja birki bayan zango na biyu yana waige-waige, kafin ya farga dama ta wuce, ya tsaya a na uku. Tun daga ranar ake ɗora masa laifin rashin kofin, ni kuwa ina ganin an yi masa rashin adalci. Braves suna da mutum a zango na biyu da na uku, ba a fitar da kowa ba, wato tuwo ya riga ya zo bakinsu. Ron Gant ya yi bugu mara ƙarfi aka fitar da shi, aka ba David Justice zangon farko da gangan, sannan Sid Bream ya buga wa Kent Hrbek, mai tsaron zangon farko na Twins, ƙwallo a ƙasa, shi kuma ya jefa gida aka mayar masa, mutum biyu suka fita a lokaci guda. Smith ɗin da ake zargi kuwa shi ne ya buga ƙwallo ta haye katanga, ya ci maki, a wasanni uku a jere a wannan gasa.

Bayan zagaye na tara kocin Twins Tom Kelly ya so ya hutar da Morris, amma dattijon ya ƙi, ya koma a zagaye na goma ya fitar da mutum uku a jere. Jifa 126 ya yi a daren, abin da da wuya wani koci ya yarda da shi a yau. Da bugu ya koma hannun Twins, Dan Gladden ya yi bugun da ya karya masa kulki, ya ruga har zango na biyu, Knoblauch ya sadaukar da kansa ya tura shi na uku. Braves suka ba Kirby Puckett da Hrbek zango da gangan, suka matso da masu tsaron baya kusa. Gene Larkin, wanda ciwon gwiwa ya zaunar da shi a benci, ya ɗaga jifar farko ta Alejandro Peña, mai jifan Braves, ta bisa kawunansu, Gladden ya taho gida hannuwansa a sama, Twins suka ɗauki kofin da ci ɗaya da nema.