Wasan takobin Turawan da

Jama'a yau na leƙa wajen masu koyon faɗan takobi irin na da a nan Jamus, har yanzu kafaɗata ciwo take amma raina fes. Takobin atisayen ba kaifi, yana lanƙwasawa in ya soki mutum, nauyinsa bai kai kilo 2 ba, kuma malam ba zai bari ka fara ba sai ka sa hular waya da safar hannu mai kauri. Abin da ya taɓa ni, koyarwar Liechtenauer ce, wani malamin takobi Bajamushe, tun ƙarni na 14, a baitoci aka bar ta, suna karantawa suna gwadawa da jikinsu har su gane nufinsa, wallahi sun burge ni. Ruwan takubban Solingen, wani gari a nan Jamus, ma ai ya sha ƙetare Sahara, maƙeranmu su sa masa ƙota.