Zuga daban, ruɗi daban

Jama'ar Tawa, mu lura: ana yawan cakuɗa zuga da ruɗi, alhali kowane da aikinshi.

Zuga daga maƙera take. Mai zugazugi ba ya kawo wuta, garwashin da ke nan yake ba iska. Wanda aka zuga da ma abin na ranshi, an dai ƙara mishi kuzari: "Kai ka tsaya ya zage ka gaban mutane?" Irin wannan ake ce ma ingiza mai kantu ruwa, kantu kuwa gishirin Bilma ne, da ya jiƙe shi ke nan.

Ruɗi kuwa kwaɗaitarwa ne. Sai an ƙawata ma mutum abin da bai taɓa sa ma rai ba, kamar yadda labarin zinariyar Jado, can arewacin Nijar, ya kwashi samari a 2014, wasu har da saida bisashensu don kuɗin mota.

Inda ake kuskure: "ya ruɗe" kanshi ne ya ɗaure, "ya ruɗu" kuwa ya bi son zuciya. Ka ce ma dattijo ya ruɗu, ka zarge shi da kwaɗayi ke nan.

Akwai kuma danginsu, hure kunne: shi a ɓoye ake yinshi, sannu sannu, galibi ga yaro ko matar aure, har su daina jin maganar gida.