Zanzibar a ranar 12 ga Janairu

Daga Dar es Salaam jirgin ruwa na hau, tafiyar kusan awa biyu. A lokacin baƙo da dala yake biya, ya fi kuɗin ɗan ƙasa nesa ba kusa ba, kuma tsohuwar takardar dala ko mai yagewa ba sa karɓa. A tagar kamfani ake yankar tikiti. 'Yan kamashon bakin ƙofa tsuga kuɗi kawai suke yi.

Da sauka sai an sake duba fasfo, don tsibirin yana da gwamnatinsa a cikin Tanzaniya. Tun Oktoban 2024 dole baƙo ya sayi inshorar dala 44, ko da yana da wata. Jami'in da ya duba ni ya nemi katin rigakafin shawara, sannan ya wurgo mini fasfo ko kallona bai yi ba.

Abin da ake tunawa a wannan rana, wato juyin juya halin Zanzibar, ya faru ne a 1964, wata ɗaya kacal bayan Ingila ta ba su 'yanci. John Okello, ɗan Uganda, ya ja 'yan tawaye suka kwashe makaman 'yan sanda, Sarki Jamshid bin Abdullah ya tsere ta teku, Abeid Karume ya zama shugaba. A watan Afrilu suka haɗe da ƙasar Tanganyika, aka samu Tanzaniya.

Daren jajibiri ana wasan wuta a filin Maisara da tsakar dare. Washegari fareti ne, yawanci a filin wasa na Amaan. Mai son wurin zama ya yi sammako, don ana rufe hanyoyi, motocin haya na daladala kuma makil suke. Bankuna a rufe, sai a canji shilin tun jajibiri. Janairu lokacin zafinsu ne, a riƙe ruwa.

Mai masaukina, dattijo ne jinin Oman, ya cika ni da gahawa da halwa, ya ƙi karɓar ko sisi a kai, amma ko ƙofa bai leƙa ba ranar. An kashe Larabawa da Indiyawa da yawa a juyin, wasu suka yi hijira. Baƙo ya kama bakinsa kan wannan magana sai in an fara masa.

A Forodhani, wurin sayar da abinci na bakin teku, da dare ka yi ciniki kafin a ɗora nama a wuta, in ba haka ba ka sha mamaki. Mishkakinsu ba ƙuli, bai kama ƙafar tsiren Kano ba. Miyar urojo ce ta burge ni. Kanumfari ya fi araha a kasuwar Darajani. Pemba kuwa, ɗaya babban tsibirin na Zanzibar, ban samu zuwa ba.