Mako na shida da tarkon fitila: farar malam-buɗe-littafin dare da ta ruɗe ni

'Yan uwa masu koyo, ga inda na tsaya. Ranar Asabar na sake ɗana tarkon a bakin wani ƙaramin daji nan kudancin Ingila. Akwati ne da fitila a kai, ciki na jera kwalayen ƙwai domin malam-buɗe-littafin dare su sami wurin laɓewa har gari ya waye.

Da asuba na tarar da wata 'yar ƙarama daga cikinsu, fara tas, ta baje fukafukai a jikin kwali. Ban yi wata-wata ba na rubuta Cabera pusaria, sunan kimiyya na wata irinsu mai farin launi, don na saba ganin ta. Ashe na yi gaggawa.

Abin da ya tona asirin kuskuren shi ne rula. Na sa ta a 'yar kwalba, na ajiye a firji ta ɗan natsu (uwargida ta ci karo da ita kusa da madara, ba ta ce komai ba, kallon kawai ya isa). Da na auna, daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike milimita 17 ne. Cabera ta kan wuce 25. Sai na ɗauko gilashin ƙara girma. Layukan da ke kan fukafukan Cabera ruwan toka ne, kusan a miƙe. Na wannan kuwa ruwan ƙasa ne mai haske, suna lanƙwasa kamar sawun iska a kan yashi. Asthena albulata ce, wadda masanin ƙwari Hufnagel ya bayyana a 1767.

Daga tsakiyar Mayu zuwa Yuli take tashi, a kudu kuma wani lokaci 'yan kaɗan su sake fitowa a Agusta. Tsutsarta ganyen itacen hazel take ci, da na wasu itatuwan daji, hunturu kuma a kwanso take yin sa. Dangin Geometridae ce, masu tsutsar da ke tafiya kamar mai auna yadi da taƙi: ta miƙe, ta dunƙule, ta miƙe.

Da la'asar na koma, na ɗan girgiza rassan hazel ɗin da ke bayan tarkon, biyu suka tashi. Yanzu tsutsar nake nema a ƙasan ganye, kuma rula ta koma zama a aljihun jakar tarkon.